Mudu ɗaya ake auna 'yan siyasar Amurka da shi?

Malam Sani: Ana yawan cewa namiji farar fata yana da gata a siyasar Amurka, mace da baƙar fata kuwa mudunsu daban ne. Ni ban gamsu ba. Zargin cin zarafin mata ya fitar da Al Franken daga Majalisar Dattawa a Janairun 2018, ya kuma sauke Andrew Cuomo daga gwamnan New York a 2021. Dukansu farare ne.

Hajiya Binta: Malam, mu duba inda aikin ɗaya ne, hukunci ya bambanta. A 2023 'yan Majalisar Wakilan jihar Tennessee uku sun tsaya a zauren suna neman a tsaurara dokar bindiga bayan harbin wata makaranta a Nashville. Korar ɗan majalisa na bukatar ƙuri'a 66 cikin 99. Ranar 6 ga Afrilu aka kori Justin Jones da ƙuri'a 72, Justin Pearson da 69, dukansu baƙar fata. Gloria Johnson, farar fata, ta tsira, don ƙuri'a 65 aka samu a kanta.

Malam Sani: Ai lauyoyinta sun nuna ba ta riƙe amsa-kuwwa ba, su biyun sun riƙe. Kuma mace ce, Hajiya. Ina gatan namiji a nan?

Dakta Aminu: Wannan ka samu, Malam. Amma ga wadda ba ta da kwana. An haifi Sanata John McCain, farar fata, a yankin Mashigin Panama, wajen jihohin Amurka, a 1936. Da aka taso da batun cancantarsa ta tsayawa takarar shugaban ƙasa a 2008, tunda sai haifaffen ɗan ƙasa ke riƙe kujerar, Majalisar Dattawa ta zartar da ƙuduri cewa haifaffen ɗan ƙasa ne, magana ta mutu. Obama kuwa a Hawaii aka haife shi, jiha ce ta Amurka, amma aka yi ta yamaɗiɗin cewa ba a Amurka aka haife shi ba, har ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a Afrilun 2011. Trump bai amince a fili ba sai Satumban 2016. A 2020 aka sake yi wa Kamala Harris, haifaffiyar Oakland a jihar California, irin wannan yamaɗiɗi kan cancantarta.

Malam Sani: Duk da haka Obama ya ci zaɓe sau biyu. Bincike ma ya daɗe da nuna cewa mace idan ta tsaya takarar majalisa, damar cinta daidai take da ta namiji.

Hajiya Binta: Gaskiya ne, amma a nan lissafin ke ruɗin mutum. Matar da ke tsayawa ta riga ta haye tankaɗe da rairaya: amincewar jam'iyya, masu ba da kuɗi, zaɓen fidda gwani. Masu matsakaicin ƙarfi sun janye tun a hanya. Binciken Sarah Anzia da Christopher Berry na 2011 ya gano 'yan majalisa mata na kawo wa mazaɓunsu kuɗin tarayya da ya ɗara na maza da kusan kashi 9 cikin 100. Idan wadda ta fi ƙwazo sai kunnen doki take yi da namiji, Malam, ta biya wani haraji a hanya wanda shi ba a caje shi ba.