Muhawara: eka 160 na kyauta ne suka gina gandayen kiwon Yammacin Amurka?

Malam Habu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga matsayina, mai ja ya ja. Tsofaffin gidajen makiyaya na Montana, Wyoming da Nebraska, waɗanda yau jikoki da tattaɓa-kunne ke riƙe da gandayensu, dokar Homestead ce ta haife su. Abraham Lincoln ya sa mata hannu ranar 20 ga Mayu 1862. Mai shekara 21 ko magidanci, namiji ko mace, zai zaɓi eka 160 a filin gwamnati, ya gina ɗaki, ya yi noma, ya zauna shekara 5, sannan ya kawo shaidu biyu ofishin filaye a ba shi takardar mallaka. Kuɗin takardu gaba ɗaya dala 18. Takardu kusan miliyan 1.6 aka bayar ta wannan hanya, eka miliyan 270, wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Idan wannan bai gina gidajen ba, me ya gina su?

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, lissafi kaɗai ya isa ya kayar da maganar. An yanka eka 160 ne da ma'aunin gabas, inda ruwan sama ya wadata. Da ka tsallake layin taswira na digiri 100 ka nufi yamma, wanda ya ratsa tsakiyar Nebraska da Dakota, ruwan shekara yakan gaza milimita 500. A gabashin Montana saniya ɗaya da ɗanta suna bukatar eka 30 zuwa 40 kafin su zagaya shekara. Raba 160 da wannan, shanu huɗu ko biyar ke nan. Wane iyali zai rayu a kai? John Wesley Powell ya faɗa wa majalisa tun 1878 cewa mai kiwo a busasshiyar ƙasa yana bukatar aƙalla eka 2,560, kuma a ja iyakoki bisa hanyoyin ruwa, ba da rula ba. Suka yi kunnen uwar shegu da shi.

Dakta Rabi:
Ƙari a kan na Injiniya: manyan gandayen farko ba su bi ta ƙofar wannan doka ba. Texas ta riƙe filayenta lokacin da ta shiga tarayya a 1845, don haka dokar ba ta yi aiki a can ba. Richard King saye ya yi a 1853, daga tsofaffin filayen da Sifaniya da Meziko suka ba mutanensu. Gandun XIT, eka miliyan 3, ladan gina majalisar jiha ne a Austin. Conrad Kohrs, ɗan Jamus, a 1866 ya sayi gidan Johnny Grant a Deer Lodge. Kamfanin Swan na Wyoming kuwa kuɗin 'yan Sikotland ne.

Malam Habu:
Dakta, kin lissafo min attajirai da kamfanoni. Ni gidajen iyali nake nufi, masu shanu 200 ko 300. Ina XIT a yau? An sayar da ita gunduwa-gunduwa. Wanda ya rage shi ne ƙaramin.

Baba Garba:
A nan kam Habu yana da ƙafar tsayawa, amma ba don dalilin da ya kawo ba. Abin da ya ba ƙaramin dama hunturun 1886 zuwa 1887 ne. Kafin nan kamfanoni sakin shanu suke yi a filin gwamnati shekara zagaye, ba rumfa, ba ajiyar ciyawa. An cika makiyaya fiye da ƙima, bazarar 1886 ta zo da fari, shanu suka shiga sanyi a rame. Dusar ƙanƙara ta sauka, ta ɗan narke, ta sake daskarewa ta zama ɓawo. Doki yakan tona da kofato ya kai ga ciyawa, saniya da hanci take turawa, ɓawon ya yanka mata hanci har ta haƙura. Da ƙanƙara ta janye sai gawarwaki a kwazazzabai da jikin shinge. Theodore Roosevelt ma ya tafka asara a gandunsa na Dakota.

Daga nan kiwo ya koma lissafin ingirici. Saniya tana cin kilo 12 zuwa 13 na busasshiyar ciyawa a rana. Sanyin wata 5 ya zama kusan tan 2 ga kowace. Mai shanu 200 sai ya tara tan 400 kafin dusar farko, kuma ba ya samun wannan sai da fadama mai ban ruwa. A kwarin Big Hole na Montana, wajen 1908, makiyaya biyu suka ƙera wani gangaren katako mai tsayin kusan mita 9, da kwando mai haƙora a gindinsa. A turo ciyawa kan kwandon, dawakai su ja igiya, kwandon ya hau ya juye ta baya. Tsibi ɗaya yakan kai tan 20, kuma in an yi masa ƙoƙuwa mai kyau ruwa zamewa yake yi, ya shekara biyu ko uku bai ruɓe ba. In aka tara ciyawar da ɗanyenta kuwa, cikin tsibin yakan yi zafi ya yi fumfuna, wani lokaci har ya kama wuta da kansa. Wannan aiki ne na mai gida da 'ya'yansa da ke kwana a wurin, ba na manajan da ke aika rahoto ga masu kamfani a Edinburgh ta Sikotland ba.

Injiniya Lawal:
Baba ya kawo mu inda gizo ke saƙar. Ba faɗin filin ba ne, wane eka 160 ne. Mai wayo a kan idon ruwa ko bakin rafi yake kafa nasa. Duk tudun da ke bayansa, ko eka dubu 10 ne na gwamnati, ya zama nasa a aikace, don shanun wani ba su da mashaya. Dokar ruwa ta Yamma kuma ta ƙara masa ƙarfi: wanda ya fara jan ruwa ya yi amfani da shi, shi ke gaba. Kotun ƙolin Colorado ta tabbatar da haka a 1882. A Wyoming kason shi ne kusan lita 28 a daƙiƙa ga kowace eka 70. In rafi ya ja baya a watan Agusta, jami'in ruwa zai kulle ƙofar mai kwanan watan 1910 gaba ɗaya, mai na 1885 ya sha cikakken rabonsa. Ba a raba ƙarancin daidai. Kuma in ka bar ruwanka shekara 5 a jere ba ka yi amfani da shi ba, maƙwabci yana iya kai ƙara a soke haƙƙinka. Mai sayen tsohon gandu kwanan watan ruwa yake fara tambaya kafin yawan eka.

Malam Habu:
To ai ka dawo kan maganata. Da me ya mallaki bakin rafin? Da dokar 1862.

Dakta Rabi:
Wani da ita, wani da sunanta kawai. Akwai kafa a cikin dokar: bayan wata 6 mutum zai iya biyan dala 1.25 kowace eka ya karɓi takarda. Mai gandu sai ya sa yaran kiwonsa kowa ya yi rajistar yanki a jere a bakin rafi, ya biya musu, su mayar masa. Wata dokar ta 1877 ta sayar da eka 640 da araha ga wanda zai yi ban ruwa cikin shekara 3, aka riƙa jan kwata da garma inda ko ɗigo ba zai bi ba, shaidu su rantse. Bartlett Richards na gandun Spade a Nebraska ya zagaye eka sama da dubu 200 na gwamnati da waya mai ƙaya. A 1905 hukuncinsa tarar dala 300 ne da tsarewar awa 6. Sai a shari'a ta biyu, ta rajistar bogi da sunayen tsofaffin sojoji da matan da mazansu suka rasu, aka ɗaure shi, ya mutu a 1911 bai gama wa'adin ba.

Hajiya Binta:
Kafin ku yi nisa, kalmar "kyauta" a bakin wa? Ƙasar tana da masu ita, ƙabilun asali irin su Lakota, Cheyenne, Crow, Blackfeet. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa Lakota tsaunukan Black Hills, a 1877 aka karɓe. Dokar Dawes ta 1887 ta yayyanka keɓaɓɓun yankunansu, abin da aka kira rara aka buɗe wa baƙi. Filayen ƙabilun asali a duk Amurka daga eka miliyan 138 suka koma miliyan 48 a 1934. Littattafan tarihin gunduma da iyalai ke haɗawa yawanci da ranar isowar kaka suke farawa, kamar babu kowa kafin nan.

Baba Garba:
Haka ne, Hajiya. Kuma tsakanin baƙin ma ba lafiya aka zauna ba. A Yuli 1889 manyan makiyaya suka rataye Ella Watson da Jim Averell, waɗanda suka kama fili a kwarin Sweetwater inda wani babba ke kiwo. A Afrilu 1892 manyan ƙungiyar masu shanu ta Wyoming suka ɗauko 'yan bindiga daga Texas suka shiga gundumar Johnson, suka kashe Nate Champion da Nick Ray. Mutanen gari suka yi musu ƙawanya a gandun TA, sojan gwamnati ne suka cece su bisa umarnin shugaba Benjamin Harrison. Ba wanda aka hukunta.

Malam Habu:
Wannan shaida ce a gare ni, Baba. Da ƙananan ba su da tasiri, wa zai yi hayar bindiga dominsu? Kuma majalisa ta gyara girman: eka 640 a yammacin Nebraska a 1904, eka 320 a 1909, aka rage zama zuwa shekara 3 a 1912, sannan eka 640 na kiwo a 1916. Har baƙaƙen fata sun kafa matsugunin DeWitty a Nebraska da dokar 1904.

Injiniya Lawal:
Eka 640 shanu 20 ne in an yi sa'a. Duba abin da ya faru a Montana. Kamfanonin jirgin ƙasa, musamman Great Northern na James J. Hill, suka yi ta tallar noman busasshiyar ƙasa ba ban ruwa. Daga 1909 zuwa 1916 aka dace da damina, yaƙin duniya ya ɗaga farashin alkama, mutane suka ci bashi suka ƙara fili da injuna. Fari ya fara a 1917, ya game jihar a 1919, farashi ya faɗi a 1920. Kafin tsakiyar shekarun 1920 kusan rabin bankunan jihar sun rufe, kuma Montana ce kaɗai jihar da yawan mutanenta ya ragu tsakanin 1920 da 1930. Wa ya kwashe gonakin? Maƙwabcin da ke da ruwa da ingirici, ya saya daga banki ko a gwanjon haraji na gunduma, da araha. Gandun iyali mai eka dubu 8 a yau, in ka bi takardunsa, za ka ga sunaye 20 ko 30 na waɗanda suka tashi. Faɗuwar wani tashin wani.

Hajiya Binta:
Ana iya bin wannan dalla-dalla, ba sai an dogara da labarin iyali ba. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, mil 6 kowane gefe, a ciki yanki 36, kowanne eka 640, rubu'insa 160. Ka samu lambar yankin, ka duba rajistar tsohon ofishin filaye da hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, BLM, ta ɗora a intanet, za ta nuna sunan wanda aka fara ba takarda, da shekara, da dokar da aka bi. Fayil ɗin shaidu yana gidan adana takardu na ƙasa, a ciki akwai girman ɗaki, zurfin rijiya da eka nawa aka nome. Sauran cinikayya suna ofishin gunduma. Inda masu bincike ke tuntuɓe: shekarar takarda ba ita ce shekarar isowa ba, a rage 5 zuwa 7 in kafin gyaran 1912 ne. Wanda ya fasa ya sayar da gurbinsa kuma ba ya fitowa a rajistar takardu ko kaɗan. Yanki na 16 da na 36 na makarantu ne, haya ake ba da su, kusa da layin dogo kuma yankuna masu lambar mara na kamfanin jirgi ne. A fili kuwa alamar tsohon gida ita ce ramin ajiyar abinci da ya rufta, jeren itatuwan tare iska, da ƙafafun famfon iska.

Dakta Rabi:
Bayan ruwa da ingirici, saura ƙafa ta uku da Malam Habu bai taɓa ba. Gandaye da yawa, musamman a Nevada, Idaho da Wyoming, filin mallakarsu kaɗan ne, akasarin kiwon a ƙasar gwamnati ake yi. Dokar Taylor ta 1934 ta rufe sakin dabbobi barkatai ta kawo izini. Wa aka fifita? Mai filin kansa ko ruwan kansa a kusa, wanda zai iya ciyar da garken a hunturu, kuma ya yi kiwo a wurin a shekarun da suka gabaci dokar. Masu yawo da tumaki marasa fili, da yawansu 'yan ƙabilar Basque daga Sifaniya da Faransa, suka rasa. Ana biya ne bisa abin da saniya da ɗanta, ko tumaki 5, za su ci a wata guda: santi 5 a 1936, tun 1986 kuma ba ya sauka ƙasa da dala 1.35. Izinin na shekara 10 ne, dokar ta ce ba mallaka ba ne, amma banki da mai saye suna sa shi cikin ƙimar gandu. Masu kawo Amurka misali a muhawarar killace kiwo ta Najeriya su lura da wannan: makiyayar gwamnati mai izini tana nan daram a can.

Malam Habu:
Kin sake ba ni makami, Dakta. Filin kansa da ake nema kafin a ba da izini, daga ina ya fito? Ruwan Injiniya, fadamar Baba, izininki, duk a jikin ƙaramin yankin nan aka ɗaure su. Cire shi, sauran su watse.

Injiniya Lawal:
Ba wanda ya ce a cire shi. Ja-in-jar a kan "ya gina" ne. Maƙwabta 30 sun karɓi takarda iri ɗaya daga ofishi ɗaya, guda ya rage. Abin da ya bambanta shi da 29 ba ya cikin dokar 1862. Kuma ka tuna takardun 1916 saman ƙasa kawai suka bayar, ma'adinai na gwamnati ne. Jikokin da ke kwarin Powder River sun ga haka da idonsu lokacin da kamfanonin gas suka shigo makiyayarsu da izinin tarayya.

Hajiya Binta:
Malam Habu, zaɓi gunduma ɗaya a Montana, ɗaya a tuddan yashi na Nebraska, mu ɗauki murabba'i guda a kowace mu jera sunayen rajista da na masu filin yanzu. Ina zaton na Nebraska zai fi kusa da maganarka, don ruwan ƙasa a can ba shi da zurfi, famfon iska yana kai masa, mai rafi bai iya toshe kowa ba.