Taƙaitawa: masu hali sun shigo unguwa, tsofaffin mazauna na fita

Jama'a zancen da ake ta yi kan yadda shigowar masu hali ke fitar da tsofaffin mazauna unguwa ya yi tsawo sosai, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda da yadda abin ke farawa: a gyara titi a sa fitilu, masu kuɗi su tare, haya ta tashi, sai ka ga wanda aka haifa a unguwar ya kwashe kayansa zuwa bayan gari, kullum yana kan hanya kafin ya isa wajen aiki. Ƴan haya ke fara shan wuya.

2. Ga baƙi: ku riƙa gaisawa da maƙwabta, ku yi sayayya wajen ƴan unguwa, kar ka tare jiya yau ka fara kai ƙara kan hayaniyar da ka tarar.

3. Ga ƴan haya: yarjejeniya a rubuce, a ajiye rasit, a kafa ƙungiya.

4. An rabu kan ƙayyade kuɗin haya. Wasu sun kawo misalin Berlin, babban birnin Jamus, inda aka hana ƙara haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021. Wasu suka ce ai kotun cewa ta yi jihar Berlin ba ta da hurumin yin dokar, ba ta ce tsarin bai da amfani ba. Akwai masu nuna Vienna, babban birnin Austria, inda hukumar birni da kanta ke da ɗimbin gidajen haya masu sauƙi, ni dai nan na fi karkata wallahi.

5. Wane ne ɗan unguwa? Wasu sun ce haihuwa, wasu sun ce daɗewa da shiga sabgar jama'a. Ba a daidaita ba.