Ƙaramar ful-firem ko tsohuwar DSLR: wacce ta dace da mai hoton biki a Kebbi?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji. Duk mai hoton biki a Birnin Kebbi da ke son aikinsa ya yi gaba, ya saki DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, ya koma ƙaramar ful-firem marar madubi. Ku dubi Sony a7C da ta fito a 2020. Sensarta, wato abin da ke ɗaukar hoton a ciki, milimita 36 da 24 ce, girman da ake kira ful-firem, daidai da ta manyan, amma giram 509 take har da batir. Canon 5D Mark III da wasunmu ke rataye da ita tun daga ɗaurin aure har dina ta kusa kilo guda. Ga kama idon amarya da kanta ko tana tsakiyar rawa.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Nasiru, jikin kyamara ka auna, ka bar lensi. Sensa babba lensi babba take so, wanga ba ya canzawa don an cire madubi. Ɗora mata lensi 70-200 mai faɗin baki f/2.8 ka gani, na farko da Sony sunka yi ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ga mariƙinta ɗan mitsitsi, kan a tashi walima wuyan hannunka ya gaya maka.

Nasiru: Baba Garba, ai ba dole sai wannan ba. Lensin Tamron 28-75 bai kai giram 600 ba, kuma ya isa biki.

Hauwa'u: Ni nauyi bai dame ni ba. Ramin katin ajiye hoto nake dubawa. a7C guda ɗaya gare ta, har ta biyun da ta fito a 2023. Ni nake shiga cikin gida wurin kamu da lalle, inda maza ba sa zuwa, babu wani mai hoto a bayana. In kati ya lalace, me zan ce wa uwar amarya? A sake kamu? Tsohuwar Sony a7 III ta 2018 ramuka biyu gare ta, tana rubutawa a duka lokaci guda. Ta ɗan fi nauyi, na yarda, amma ina kwana da kwanciyar hankali.

Nasiru: Anti Hauwa'u, sau nawa kati mai kyau ke mutuwa?

Hauwa'u: Sau ɗaya ya isa ya kashe maka kasuwa a unguwa, ƙanena. Kuma ka san irin katunan jabu da ke yawo.

Bashar Argungu: Ku duk dina kuke tunani. Ku zo bakin Matan Fada ranar kamun kifi, inda ake tsayar da kai can nesa, masunta na tsakiyar ruwa da gorunansu. Nan ƙaramar sensa ke cin riba. Lensi 70-350 a kan Sony a6400 mai ƙaramar sensa yana jawo abu kamar 525 a ful-firem, don ana ninkawa da 1.5. Kan ka samu wannan nisa a ful-firem, sai ka ɗauko lensin da ya fi tsada da nauyi nesa ba kusa ba. Rana kuma ƙwal, to ina amfanin fifikon da ful-firem ke da shi a duhu?

Nasiru: Yaya Bashar, bikin Argungu ba kullum ake yi ba, an ma taɓa shafe shekaru kafin a dawo da shi a 2020. Aure kuwa kowane mako. A ɗauke wuta cikin zaure ka ɗaga ISO, ƙarfin jin hasken sensa, zuwa 6400, nan za ka ga bambanci a fuskar mutane.

Bashar Argungu: Wannan kam gaskiyarka. Amma filasha me aka yi ta don shi?

Malam Garba: Awo. Kuma ba wanda ya taɓo ƙura. Da hunturu, ka cire lensi a marar madubi, sensa na nan tsirara tana kallon sama. A DSLR madubi da shata, labulen sensa, na gabanta. Canon sun lura da haka, EOS R ɗinsu marar madubi na rufe shata in an kashe ta. In ɗigo ya hau sensa, kowane hoto sai ka bi shi da gogewa a kwamfuta, in ta lalace kuma sai Kano ko Legas. Ni lensina na EF, irin na DSLR ɗin Canon, da munka tara shekara da shekaru ba zan zubar ba. In zan koma, adafta zan sa a jikin Canon.

Hauwa'u: Malam, in Canon EOS RP ce za ka saya, ka tanadi batura. Ƙaramin batir ne, ƙiyasin kamfani hoto 250 ne kawai. Nan kam Sony ta fi, sai a ba Nasiru nasa.

Nasiru: Alhamdu lillahi, an ba ni ɗaya! Ni dai ina kan bakana ga mai farawa da ba shi da lensi ko guda.

Malam Garba: Mai farawa ya sayi ta hannu, ragowar kuɗin ya sa a lensi da haske. Asabar akwai dina a Gesse, zo da taka in zo da tawa, mu wanke hoto goma-goma ba suna a baya, Hauwa'u ta zaɓa.

Nasiru: Na amince, Baba. Amma a kashe filasha a biyar daga ciki.