Tsohuwar destop ɗinmu ta gida: in gyara ta ne ko in tara kuɗin mai ARM?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana kwamfuta ku ba ni shawara. Muna da Dell OptiPlex 7010 a gida, tokumbo na saye ta, Core i5-3470 ce, RAM 4GB, hadis ɗin (hard disk) ma irin na da ne mai juyawa. Da ita nake zanen katin biki da sitika a CorelDraw, uwargida na lissafin shagonta a Excel, yara kuma a kanta suke gwajin CBT na JAMB. To tun da Microsoft suka tsayar da sabuntawar tsaro ta Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 hankalina bai kwanta ba, na nemi ɗora Windows 11 ta ce furosesan bai cika sharaɗi ba kuma ba TPM 2.0, wato guntun tsaron da take buƙata. Ƙanina yana ta ce min kar in ƙara kashe ko kwabo a kanta, wai zamanin Intel da tsarin furosesansu na x86 ya ƙare, wani tsarin furosesa da ake kira ARM ne ke tashe. Gaskiya ina son na'urar nan sosai, bata taɓa ba ni kunya ba. Ya zan yi?

Sadiq_Zazzau:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai ina bayan ƙaninka. Duba wayar da ke hannunka, ARM ce a ciki, tsarin da kamfanin Acorn ya fara a Kambirij ta Ingila tun 1985, kuma abin da aka san shi da shi kenan, aiki da yawa wuta kaɗan. Da Apple suka fito da furosesansu na ARM mai suna M1 a Nuwamban 2020 kowa ya gani da idonsa, Mac mini mai M1 iyakar abin da take ja wat 39 ne gaba ɗayanta, kai kuwa furosesanka shi kaɗai wat 77 aka rubuta masa, ba a ma sa moni ba. Ga wanda ke kan sola da batir ɗaya wlh wannan ba ƙaramar magana bace. Apple sun ce macOS Tahoe shi ne na ƙarshe da zai hau Mac mai Intel, a 2024 kuma laftof masu Snapdragon X, shi ma furosesan ARM ne, suka shigo ɓangaren Windows. Inda duniya ta dosa kenan, ka daure ka tara.

Injiniya_Habu:
Malam Sadiq ka faɗi gaskiya a maganar wuta amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ba don tana x86 aka ƙi kwamfutar Alhaji ba, ai Windows 11 ɗin ma galibi a kan x86 take gudu, layi kawai aka ja, daga Intel zubi (generation) na 8 da Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, tasa kuwa zubi na 3 ce ta 2012.

Kuma maganar mutuwar x86 ba yau aka fara ba. Tun 8086 na 1978 yake, a shekarun 1990 an ce RISC, tsarin furosesa mai sauƙaƙan umarni irin na ARM, za ta binne shi, sai ga Apple da kansu sun bar PowerPC mai tsarin RISC sun koma Intel a 2006. Tun Pentium Pro na 1995 ma furosesan Intel a ciki yana farfasa dogon umarni ne zuwa ƙanana kafin ya aiwatar, wato bambancin da ake ta musu a kai ya ragu sosai. Alhaji, babban abin da ya raba M1 da taka shi ne ƙanƙantar ƙira, M1 nanomita 5 ne na TSMC, taka nanomita 22, shekara takwas a tsakani. In wuta ce damuwar akwai ƙananan kwamfutoci masu Intel N100, wat 6, x86 ne kuma suna ɗaukar Windows 11 lafiya.

Sannan abin da masu tallar ARM basa faɗa, Windows na ARM tana da Prism da ke fassara tsoffin manhajoji, amma bata fassara direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura irin firinta da kwamfuta. In firintarka ko na'urar yankan sitika bata da direban ARM64 ka shiga uku, kuma sana'arka a kansu take.

Alhaji ni irin taka kullum ina buɗe su a shago. Ka cire murfin gefe za ka tarar ƙurar hunturu ta toshe fanka, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama kamar alli. A hure ƙurar, a goge a sa sabon mai, a canza ɗan batirin CR2032, a sa SSD na SATA, wato hadis mai sauri marar juyawa, a kai RAM 8GB ko 16GB, irin DDR3 take ɗauka. Za ka rantse sabuwa aka kawo maka.

Maman_Nur:
Injiniya duk na yarda amma SSD baya maganin tsaro fa, wanda shi ne asalin tambayar. Baban Ilham in ana shiga banki ko imel a kanta to hanya uku na sani. Akwai shirin ESU na Microsoft, wato ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro, da ke kai Windows 10 zuwa 13 ga Oktoban 2026, jinkiri ne kawai. Akwai manhajar Rufus da ke tsallake binciken TPM wajen ɗora Windows 11, kuma taka tana da rukunin umarni na SSE4.2 da Windows 11 sigar 24H2 ke buƙata don haka za ta tashi, sai dai su Microsoft sun faɗa ƙarara basu da alhakin ba kwamfutar da aka yi wa haka sabuntawa. Ni abin da na yi wa tawa Linux Mint 22 na sa a madadin Windows, tana da tallafi har 2029, yarana suna karatunsu a burauza ba wata matsala, LibreOffice kuma yana buɗe fayil ɗin Excel. CorelDraw ne dai babu na Linux, akwai Inkscape amma hannun da ya saba da Corel sai ya sha wuya kafin ya saba.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya Corel ɗin nan shi ne abincina, bazan iya barinsa ba yanzu. Injiniya zai yiwu in riƙe biyun a kwamfuta ɗaya?

Injiniya_Habu:
Sosai ma Alhaji. Ka sayi SSD biyu ƙanana, ɗaya Windows 10 da Corel ka kashe mata intanet gaba ɗaya, aiki kawai, ɗayan Mint na hawa intanet da banki da karatun yara, in ka kunna ka danna F12 ka zaɓi wanda kake so. Filashin kwastoma kuwa a Mint za ka fara buɗe shi ka kwafi abin da kake buƙata kawai, don ta nan cuta tafi shigowa. Abu ɗaya ka sani, furosesanka bashi da rukunin umarni na AVX2, sai a zubi na 4 na 2013 ya fara, kuma wasu sabbin manhajoji sun fara neman sa, ranar da aikinka ya buƙaci irinsu sai ka nemi tokumbo zubi na 8 zuwa sama. Kafin a taɓa komai dai ka kwashe zanukanka da lissafin Hajiya zuwa wani hadis na waje.