Ina ake samun kuɗin bincike a fannin tiyatar ƙashi?

Sabon likita, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina son yin bincike kan karayar ƙugu a tsofaffi, amma ban san ƙofar da zan buga ba. Manya, a taimaka.

Malamin jami'a, Riyad:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da gida. Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda tana da ofishin shugaban binciken kimiyya mai ba da ƙananan tallafi. Akwai kuma RDIA, hukumar bunƙasa bincike da ƙirƙira ta Saudiyya da aka kafa a 2021, sai dai gasarta da zafi. A waje, AO Foundation ta Dabos a Suwizalan tana tallafa wa binciken karaya.

Likitar ƙashi, Madina:
Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tun da wuri, yana cin watanni. Abin da ke kayar da takardun neman tallafi shi ne rashin lissafin yawan majinyatan da ake buƙata. Samu masanin ƙididdiga kafin ka rubuta, ka sa kuɗinsa cikin kasafi. Asibiti ko jami'a ake ba kuɗin, don haka duba kwantiragin aikinka da su ya kai ƙarshen binciken.

Sabon likita:
Na gode, Malam da Hajiya. Allah ya saka.