Faifan birki mai huji-huji ya fi sanyi? Muhawarar 'yan gareji

Mai kayan gyara: Jama'a ni dai na tsaya a kan maganata, faifan birki mai huji ya fi wanda ba huji, iska na shiga ta ramukan tana fitar da zafi shi ya sa za ka gan shi a Porsche da manyan motocin gudu. An kawo min na Corolla, duk mai so ya yi magana

Oga mai gareji: Alhaji kasuwa kake ci kawai. Ba hujin fuska ke sanyaya faifai ba, ramin da ke tsakiyarsa ne, ka ɗauki faifan gaba ka leƙa gefensa za ka ga faranti biyu ne da haƙarƙari a tsakani, idan taya na juyawa suna jan iska daga ciki su watso ta waje kamar fanka. Hujin nan da kake yabo ƙarfe ya rage, kuma ƙarfen ne ke shanye zafin tun farko

Mai kayan gyara: To Oga injiniyoyin Jamus masu ƙera Porsche ba su san aikinsu ba kenan?

Ɗan Poli: Sun sani Alhaji amma dalilin daban ne. Fad, wato abin da ke matse faifai idan an taka birki, irin na da idan ya ɗau zafi sosai yana fitar da wani gas da ke shiga tsakaninsa da faifai sai birki ya ƙi ci, hujin hanyar fitar gas ɗin ne, yana kuma taimakawa wajen share ruwa lokacin damina. Fad na yanzu ba ya wannan sosai. Matsalar ita ce faifai ƙarfen zubi ne, yana zafi ya buɗe ya huce ya tsuke, to tsagewa daga bakin hujin take farawa, shi ya sa masu tsere da yawa suka koma mai zane-zanen tsagi. Na Formula 1 kuwa ba ma ƙarfe ba ne kabon ne, yana kai digiri 1000, kuma ƙananan hujinsa a kauri suke ta gefe ba a fuskar da fad ke gogawa ba

Direban Sharon: Duk wannan turanci ne wallahi. Ku zo ku sauko Hawan Kibo da cikakken lodi ƙafa a kan birki tun daga sama ku ga ko huji zai cece ku, giya ake sawa ta biyu ko ta uku inji ya riƙe mota

Ɗan Poli: Gaskiyarka yaya, kuma a irin wannan wurin sau da yawa ba faifan ke fara gazawa ba man birki ne. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma man yana shan danshi, idan ya tsufa na DOT 3 yana iya saukowa wajen 140, da ya tafasa sai ka taka feda ta tafi ƙasa ba komai. Ga gudu kuma, ka ninka gudu sau biyu zafin da birki zai sha sau huɗu ne

Direban Sharon: Ni da na ji wari nakan tsaya in watsa masa ruwa

Oga mai gareji: Kar ka ƙara don Allah, haka ake tsaga faifai. Kuma kar ka tsaya cak kana danne da birki yana da zafi, fad ɗin yana barin shafi a wuri ɗaya, gobe ka zo min da sitiyari na rawa ka ce faifai ya lanƙwashe a kai a kankare. Kankarar ma tana da iyaka, akwai lamba a jikin faifan ta mafi ƙarancin kauri, wa ke dubawa a cikinku?

Mai kayan gyara: Na ji, amma ko ba komai ai ya fi kyau a cikin rim

Oga mai gareji: Wannan kam ban musa ba. Nawa ne guda biyun marar huji, akwai mota a kan jak tun safe