Wace kalma za mu sa wa "stream"?

Mai haɗa sauti, Aboabo:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana. Ina so mu tsayar da kalma ɗaya ta Hausa ga abin da Turawa ke kira "stream", wato jin waƙa kai tsaye ta intanet. Ɗorawa da saukewa sun zauna daram a bakin mutane, ba mai tambayar ma'anarsu. Wannan ce ta ƙi zama. Samarin zango suna cewa sitirim, wasu fassarori kuma suna cewa yawo, wanda ko kusa bai yi ba, don waƙar ba zaga gari take yi ba.

Abin da ya sa na damu shi ne kalmar tana tafe da lissafi. A Spotify, dandalin jin waƙa ta intanet wanda ya shigo Ghana a Fabrairun 2021, ba a ƙirga komai sai waƙa ta kai sakan 30 tana tafiya. Mutum ya danna, ya ji sakan 20, ya wuce, to a wurinsu ba a yi komai ba. Kuma tun Afrilun 2024, waƙar da ba ta tara 1,000 cikin watanni 12 na baya ba, ba ta shiga rabon kuɗin rikodin. Saboda haka muna bukatar kalmar da za a iya cewa ɗaya, ɗari, dubu a bayanta, yaro ya gane abin da ake ƙirgawa.

Malamin Hausa, Asawase:
Wa alaikumus salam. Asalin kalmar a Turanci rafi ne, ruwa mai gudu. Sun ɗauko ta ne don sautin yana zuwa wa waya kaɗan-kaɗan, ana ji yana ƙarasowa, ba sai an jira dukan fayil ya sauka ba. In aka bi wannan hoton, kwarara ce ta fi kusa. Na fara ajiye ta a faifai, ku auna.

Hajiya mai shirin rediyo, Sabon Zongo:
Malam, a gafarce ni, kwarara ba za ta shiga bakin mutane ba. Ka gwada faɗa: "waƙarsa ta samu kwarara dubu biyar." Wanda ya ji zai ɗauka ambaliya ake nufi. Kwarara aikin na'ura ce, mu kuwa abin da mutum ya yi da kunnensa muke ƙirgawa. Akwai kuma wani abu: wanda ke biyan kuɗin wata a Spotify zai iya sauke waƙa cikin manhajar, ya ji ta ba data a cikin trotro daga Kejetia har gida, kuma idan ya sake hawa intanet a ƙirga masa. Babu abin da ya kwarara a lokacin, amma ta shiga lissafi.

Matashi mai kula da mawaƙa, Alabar:
To Hajiya, me zai hana kunnawa? Kowa na cewa kunna mini waƙar nan. Kunnawa ɗari, kunnawa dubu, tana ƙirguwa lafiya.

Mai haɗa sauti, Aboabo:
Ƙanena, kunnawa muna bukatarta a wani gurbin, kar mu ƙarar da ita nan. Kunnawa ita ce danna maɓalli. Tsakaninta da abin da ake ƙirgawa akwai sakan 30, kuma a cikin wannan tazarar mawaƙanmu suka fi yin asara. Salon da muka gada shi ne a buɗe waƙa da doguwar shimfiɗa: kiɗa shi kaɗai, jinjina ga situdiyo, gaisuwar ubangida, kirarin unguwa, sannan amshi ya shigo wajen sakan 40 ko 50. A filin biki wannan yana da daɗi, don mai biki yana zaune yana jiran sunansa. Baƙon da ya ci karo da waƙar a cikin jerin waƙoƙi kuwa bai san ka ba, yatsansa na kan maɓallin tsallakewa. An kunna, ba a ƙirga ba. Maganinsa a situdiyo yake: a jawo amshi ko muryar mawaƙi cikin sakan 10 zuwa 15 na farko, a mayar da gaishe-gaishe ƙarshe, ko a yi fitarwa biyu, ta biki daban, ta dandali daban. In muka kira duka biyun kunnawa, da wane baki zan yi wa yaro wannan bayanin?

Malamin Hausa, Asawase:
Na janye kwarara daga lissafi. A bar ta ga mai bayanin yadda sauti ke isowa waya, can tana da amfani. Saura biyu a gabana: ji da sauraro. Ji gajera ce, amma ta yi yawan aiki, da ita ake jin yunwa, da ita ake jin Hausa, da ita ake jin ƙamshi. Kuma mutum kan ji abu ba da niyya ba, kamar mai wucewa ta gaban shagon da ake tura waƙa a memori. Sauraro kuwa sai an tsaya an ba da kunne. Wannan tsayawar ita ce sakan 30 ɗin da ake magana. Ni sauraro na zaɓa.

Wani zai ce ba a saba ƙirga sauraro ba. Haka kallo ma yake a da, yanzu kuwa kowa na cewa bidiyo ya samu kallo dubu goma a YouTube, ba wanda kunnensa ya ƙi. Ga kuma "sau" tana nan ga mai son tsohuwar hanya: an saurare ta sau dubu.

Matashi mai kula da mawaƙa, Alabar:
Malam, na karɓa, amma ga inda nake tsoro. A shafin mawaƙi na Spotify for Artists lambobi biyu ne a jere, ɗaya adadin mutane, ɗaya adadin jin da suka yi. In muka ce masu sauraro da sauraro, sun yi kama ƙwarai, yara za su cakuɗa su. Kuma bambancin babba ne. A misali, mutum 200 kowa ya saurara sau 5, an samu 1,000. Mutum 5 kowa ya maimaita sau 200, nan ma 1,000 ne a ido, amma ba ɗaya ba ne, don bayan sharaɗin dubun akwai kuma sharaɗin yawan mutane daban-daban, wanda kamfanin bai bayyana adadinsa ba, don kada a yi masa dabara.

Hajiya mai shirin rediyo, Sabon Zongo:
Ɗana, wannan kamar ba aibi ba ce, taimako ce. Ciniki da masu ciniki sun yi kama, amma ba 'yar kasuwar da ke rikita su. Sai ma ya sauƙaƙa rabawa: sauraro nawa kowane mai sauraro ya yi? In lambar ta tsaya kusa da ɗaya, mutane sun ɗanɗana ba su dawo ba. In ta haura uku, huɗu, waƙar ta kama.

Kuma kalmar tana haihuwa, abin da nake nema ke nan a rediyo. Dandalin sauraro, ga su Audiomack, Boomplay, SoundCloud da Spotify. Kuɗin sauraro. Sai sauraron bogi, wanda nake so mu riƙa kiran sunansa da ƙarfi. Masu turo saƙo su ce a biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, su kawo sauraro dubu goma cikin kwana uku, na'urori suke sakawa suna maimaita waƙa. Alamarsa a bayyane take: lamba ta yi tsalle dare ɗaya, daga garin da ba ka da kowa, ba wanda ya adana waƙar, ba wanda ya bi shafinka. Idan aka gano, ana goge lambar, ana riƙe kuɗi, Spotify na cin tarar kamfanin da ya ɗora waƙar, shi kuma ya juyo kan mawaƙi, wani lokacin ya cire waƙar gaba ɗaya. Yaron da ya ji kalmar bogi a jikin abin zai yi tunani sau biyu, ba kamar in an ce masa furomo ba.

Mai haɗa sauti, Aboabo:
Madalla, Hajiya. Tunda mun tsaya a kan sauraro, bari in faɗi inda yake zubewa ba a sani ba, don a yi amfani da kalmar a wurin aiki.

Audiomack da SoundCloud mawaƙi na ɗora waƙa da hannunsa. Spotify da Apple Music kuwa sai ta hannun kamfanin rarrabawa, irin su DistroKid, TuneCore ko CD Baby, wani kuɗin shekara yake karɓa, wani kuɗin kowace fitarwa da kaso a kan abin da aka samu. A nan ake cike suna, kuma a nan matsalar haruffanmu masu lanƙwasa take. Ka rubuta Ɗan a waƙar farko, ka rubuta Dan a ta biyu, na'ura na iya ɗaukarku mutum biyu, ta buɗe shafi biyu, sauraro ya rabu, mabiya su rabu. A zaɓi rubutu ɗaya tun ranar farko, a tuna kuma yawancin masu nema a nan Kumasi ba su da ɗ da ƙ a allon wayarsu.

Na biyu, lambar ISRC, mai gurbi 12, wadda kowane rikodi ke da tasa. Mai sauya kamfanin rarrabawa ya kwafe ta, ya ɗora fayil ɗin nan dai da suna iri ɗaya, kuma kada ya cire tsohuwar daga dandali sai sabuwar ta bayyana. In aka ba waƙar sabuwar lamba, lissafi na iya komawa sifili. Na uku, kiɗan da aka tsinta a intanet an rubuta kyauta: a karanta sharaɗinsa, da yawa kyautar ba ta haɗa da neman kuɗi ba, mai shi na kai ƙara a cire waƙar da duk abin da ta tara. Fayil kuma a ba da WAV, wato sautin da ba a matse ba, ba wanda ya bi ta WhatsApp aka matse shi ba, hoton bango murabba'i, 3000 a kan 3000. A miƙa waƙa ga masu tsara jerin Spotify aƙalla kwana 7 kafin ranar fita, in an samu makonni uku ko huɗu ya fi.

Matashi mai kula da mawaƙa, Alabar:
Ƙari ɗaya, Yaya, don tambayar da za ta biyo baya ita ce nawa ne kuɗin sauraro ɗaya. Ba shi da tsayayyen farashi. Ana tara kuɗin biyan wata da na talla na kowace ƙasa, a raba gwargwadon kason kowa a cikin jimillar sauraron ƙasar. Shi ya sa dubu daga Ingila ko Jamus, inda 'yan zango suke da yawa, ya fi dubu daga nan nauyi. Kuma wannan kuɗin rikodi ne kawai. Haƙƙin wanda ya rubuta waƙa hanyarsa daban, a nan gida GHAMRO ce ke karɓar irinsa, sai an yi rajista.

Malamin Hausa, Asawase:
To a rubuta haka: kunnawa ga danna maɓalli, sauraro ga wanda ya shiga lissafi, kuma ba ta da jam'i, sauraro ɗaya, sauraro dubu. Hajiya, ki gwada ta a shirinki, in masu kiran waya suka maimaita ta da kansu, ta zauna. Jerin waƙoƙi kuma da na ga kuna ta faɗa, ban gamsu da ita ba tukuna, don kundi ma jeri ne. A buɗe mata zama na daban.